Shekarar da Na Buɗe Duron Sani

Zainab da Kabiru, saboda ku biyu na rubuta wannan babin, don na gaji da jin kuna musu a kicin a kan abin da ba ku san kansa ba. Ke Zainab kin ɗauka kawunku Sani mugun mutum ne da Allah ya tona wa asiri. Kai kuma Kabiru, tun da gemu ya fito maka ka fara kallona kamar wadda ta juya wa ɗan'uwanta baya a lokacin da ya fi bukatarta. Duk kun yi kuskure, kuma da Turanci kuke yin sa, da ƙarfi, ina falo ina jin ku. To ku ji daga bakin wadda ta ɗaga murfin duron da hannunta.

A lokacin ina da shagon aika kaya a Highbridge, unguwarmu ta Bronx a birnin New York, a gindin gangaren nan da bas ke nishi kafin ta hau. Sama ofis ne ɗan ƙarami, ƙasa kuma besmen, wato ɗakin ƙarƙashin ƙasa, inda duro shuɗi-shuɗi ke jere suna jiran kwantena. Mutum zai zo ya karɓi duro, ya tafi gida ya cika shi da shinkafa da mai da sabulu da takalman yara, ya rufe, ya sa kwaɗo, ya rubuta sunan mai karɓa a jiki, ya dawo min da shi. Abin da ya ce min yana ciki, shi nake rubutawa a takardar kwastan. Ban taɓa cewa a buɗe in gani ba, kuma da na ce, da an zage ni a masallaci. Mu a wurinmu saƙo ba a buɗe shi. Tun a gida, direba a tasha zai karɓi ƙullin tsohuwa ya kai wa ɗanta a Kano, ba zai ko latsa shi ya ji mene ne ba. A nan ma abin ya fi tsanani, don a cikin duro asirin gida yake. Wani gwanjo yake aikawa alhali a can an ɗauka shi attajiri ne, wani kuma abin da ya sa wa uwarsa bai kai wanda ya sa wa matarsa ba. Mutanen Najeriya da na Nijar da na zangon Kumasi duk wurina suke zuwa, don an san Hajiya Rabi ba ta leƙe.

Sani kuwa shi ne autanmu. Ni na goye shi, ni na yi masa hanyar zuwa ƙasar nan, ni na nema masa aure. Tirela yake tuƙawa zuwa jihohin kudu, sai ya yi mako ba mu gan shi ba, amma ranar Lahadi in yana gari tuwonsa a gidanmu yake. Yana da dariya mai cika ɗaki, yana da taurin kai irin na gidanmu, wanda ni ma ban rasa rabona ba. A shekarar da nake ba ku labari, dariyar ta ragu, domin waya daga gida ta daina kawo labari mai daɗi. Garinmu yana bakin daji a ƙasar Katsina, kuma ɓarayin daji sun fara cin ƙauyukan da ke kewaye da mu ɗaya bayan ɗaya. Inna, kakarku, tana can a hannun babban wanmu Yaya Isuhu. Mun yi mata magiya ta koma birni, ta ce ba za ta bar garin da kabarin mijinta yake ba.

A daidai wannan lokacin ne kuma aka dami talabijin da gardamar bindiga. Wasu na cewa duk bindigar da ke hannun mutane a yi mata rajista, kuma ko maƙwabci ne zai sayar wa maƙwabci, a bincika mai sayen, a san hannun da ta koma. Wasu na cewa wannan shiga sharo ba shanu ne daga gwamnati, yau a rubuta, gobe a zo a ƙwace. Ni ban tsaya tunani ba wajen sanin ɓangarena, saboda Hajiya Fati. Ba ku manta da ita ba, 'yar Kumasi mai aikin kula da tsofaffi, wadda ke zaune a University Heights. Ɗanta Abdul yana dawowa daga aiki da rana tsaka harsashi ya same shi a ƙofar kanti, harsashin da ba shi aka nufa da shi ba. Na zauna makokinsa. Daga baya 'yan sanda suka samu bindigar, suka bi lambarta har kantin da aka fara sayar da ita a wata jiha mai nisa, suka samu mutumin farko da ya saya. Shi kuma ya ce ya sayar wa wani tun da daɗewa, bai riƙe sunansa ba. Daga nan sawu ya ɓace. Hajiya Fati ta ce min abin da ke hana ta barci shi ne mutanen da ƙarfen nan ya bi ta hannunsu kafin ya iso kan ɗanta, kowannensu yana can yana cin abinci, babu wanda za a tambaya.

Wata Lahadi ana wannan gardama a talabijin, na faɗi ra'ayina muna cin tuwo. Babanku, mutumin Maraɗi da bai son tashin hankali, ya miƙa hannu zai canza tasha. Sani ya ce ya bari. Ya ajiye cokali ya dube ni.

“Yaya, kin manta abin da aka yi mana? An yi shela a garinmu duk mai bindigar farauta ya kawo a rubuta sunansa, wai don a bambanta mutanen kirki da ɓarayi. Yaya Isuhu da kansa ya kai ta Baba. Ba a daɗe ba aka dawo da wannan takardar, gida-gida, aka karɓe su duka. Na cikin daji wa ya rubuta tasu? Takarda mai gaskiya kaɗai take kamawa.”

Ba zan ɓoye muku ba, maganar ta shige ni, don gaskiya ce, an yi haka. Na ce masa waɗanda suka riƙe takardar ne suka ci amana, kuma na cikin dajin ma ai ba a gona suka shuka tasu ba, a cikin kayan wani ta shigo, wani da bai tambaya ba. Ya ce wannan maganar masu zama a New York ce. Na ce shi ma ai ba a bakin dajin yake zaune ba. Babanku ya ce da ɗan Faransancinsu na Nijar, “Bon, miya tana hucewa,” aka ci gaba da ci, amma kowa da abin da ke ransa.

Bayan 'yan makonni Sani ya kawo duronsa shago, a rufe da kwaɗo, da sunan Yaya Isuhu a jiki. Ya ce shinkafa ce da mai da fitilu masu caji. Ya bar min makullin in sa a ambulan in ba mai raka kwantena, kamar yadda kowa ke yi, ya hau tirelarsa ya tafi. Washegari Inna ta yi waya tana kukan gwiwa, ta ce man zafin nan da nake aika mata ya ƙare. Nawa duron ya riga ya tafi a kwantenar baya. Na ce a raina wannan ai ba saƙon bare ba ne, duron ƙanena ne zuwa gidan ubanmu, in ban sa maganin uwarmu a ciki ba a ina zan sa? Na sauka besmen da safe, na buɗe kwaɗon, na tura hannu gefen buhun shinkafa ina neman wurin da kwalaben ba za su fashe ba. Bakin buhun an farke shi an sake ɗinkewa da zaren da ba nasa ba. Na danna, na ji abu mai tauri. Da na warware, sai ga ƙaramar bindiga a naɗe cikin tawul, da kwalin harsasai a gefenta. Na zauna a kan duron wani mutumin Agadas ina ta salati.

Na kira Sani na ce ya zo shago duk ranar da ya shigo gari, kafin ya je gida. Da ya sauko besmen ya ga murfin a jingine da bango, bai tambayi komai ba, bai kuma yi ƙarya ba. Fuskarsa ta haɗe, ya ce:

“Yaya, kin buɗe min saƙo.”

Ku lura da wannan, don shi ne abin da mutanenmu suka riƙe daga baya. Bai ce na kama shi ba, cewa ya yi na buɗe masa saƙo, kamar ni ce mai laifin. Na tambaye shi inda ya samo ta. Ya ce wurin wani bakanike a wata jihar kudu, inda suke tsayawa gyaran mota, kuma a can mutum yana sayar wa mutum babu takarda babu komai. Ya ƙara da cewa kar in ɗauka a ɓoye ya saya kamar ɓarawo, ya kira direbobi biyu 'yan uwanmu Hausawa suka tsaya shaida, aka yi ciniki a gabansu, aka yi musabaha, aka ce Allah ya sa albarka. Har ga Allah shi a ganinsa ciniki ya halatta, tunda an yi shi yadda ake yi a kasuwar garinmu. Na ce to shi bakaniken a wurin wa ya samo ta? Ya ce bai tambaya ba. Na ce shaidun naka sun tambaya? Na ci gaba da cewa:

“Sani, Baba dillalin shanu ne. Ka taɓa ganin ya sa hannu a cinikin saniyar da bai san garken da ta fito ba? Kai ka ɗauko abin kisa, ba ka san ko ta taɓa kashe ɗan wani ba, za ka tura ta cikin teku da sunana a kan takarda. In aka sace ta a tashar jirgi, ko a hanya, hannun wa za ta faɗa? Wa zai bi sawunta?”

“Hannun Yaya Isuhu za ta faɗa. Inna tana can, Yaya. Sanda gare su.”

Wannan kalma ta sanda har yau tana min ciwo. Ba na so ku ɗauka tsoro bai cikin lissafina. Na ji tsoro ƙwarai. Da na'urar tashar jirgi ta gano ta, da an riƙe kwantenar da kayan bayin Allah da ba su ji ba ba su gani ba, da an rufe min shago, shi kuma a ɗaure shi sannan a kore shi daga ƙasar, 'ya'yansa suna ƙanana. Amma ko da an ba ni tabbacin za ta wuce lafiya, ba zan aika ba. Na ga Hajiya Fati a zaune a kan tabarma, kuma na san yadda sawu ke ɓacewa: kowane hannu yana da dalilinsa mai kyau a ranar da ya miƙa. Na ce masa ba zan kira masa 'yan sanda ba, ni ba haka aka haife ni ba, amma ba za ta shiga kwantenata ba, ba kuma za ta kwana a gidan da yaransa suke ba. Ya ce zai kai wa wani mai aika kaya a Harlem wanda ba ya buɗe saƙon mutane. Na ce ya kai, ni kuma kafin ya isa zan kira Inna in gaya mata abin da autanta ke shirin jefa kansa a ciki saboda ita. A nan ne ya karaya, don ya san zan aikata, ya kuma san abin da Inna za ta ce.

Babanku ne ya samo mafita. Akwai ranakun da ake karɓar bindigogi a wani coci a nan Bronx, 'yan sanda na zaune, ba a tambayar suna, ba a tambayar inda ka samo. Shi ya ɗauki Sani a tasinsa ya kai shi, ya jira shi a waje. Ya ce min da Sani ya fito, sai da suka kusa gida sannan ya ce a gaya wa Yaya ko hukumar da take so ma ba ta tambayi sunansa ba. Daga ranar bai sake taka gidanmu ba. Lahadi ta zo ta wuce, na tuƙa tuwo da rabonsa, na wayi gari na ɗumama muku shi.

Ni kuma na koma shago na kafa doka. Daga yau duk duron da zai shiga kwantenata a gabana za a cika shi, ko a buɗe in gani, a rubuta abin da ke ciki da sunan mai aikawa da na mai karɓa. Wayyo, kun ga tashin ƙura. Labari ya riga ya zaga, amma abin mamaki ba bindigar ake tattaunawa ba, buɗewar ake tattaunawa. A gidan suna aka ce Hajiya Rabi ta zama kwastan. Wani dattijo da nake girmamawa ya zo har shago ya ce min wadda ta buɗe na ƙanenta, na wa za ta bari? Mata suka ce ina so in ga abin da suke aika wa iyayensu in yi da su. Da yawa suka kwashe suka koma Harlem, har sai da na sallami masu ɗaukar kaya na koma haɗa kwantena da wani. Na fahimci zafinsu, don asirin gida ba wasa ba ne, shi ya sa na sa labule a besmen, kuma abin da idona ya gani bai taɓa fita daga bakina ba. Sannu a hankali wasu suka dawo. Wasu har yau in mun haɗu a titin 125 na Harlem gaisuwar sama-sama muke yi.

Yanzu ga inda Kabiru ke tsayawa in yana musu, kuma ba zan tsallake shi ba. Bayan girbi ɓarayin suka shiga garinmu ranar kasuwa, da la'asar, a kan babura. Suka kora shanu, suka ƙone rumbuna, suka kashe mutane, cikinsu har da maƙwabcinmu da muka tashi tare. A gidanmu ba a rasa rai ba. Yaya Isuhu ya ɗora Inna a amalanke ya fita da ita ta bayan gari, daga baya suka kama ɗaki a birni. Ba ta sake lafiya ba. Kafin damina ta zagayo ta rasu, aka binne ta cikin baƙi, nesa da kabarin da ta ƙi bari. Ranar da garin ya watse Sani ya kira babanku, ba ni ba, ya ce a gaya min in rubuta wannan ma a littafin shagona.

Na yi kuka a kan wannan maganar fiye da yadda na yi a kan komai a ƙasar nan. Na tambayi Yaya Isuhu ko da bindigar ta iso da wani abu ya canza. Ya ce shi bai sani ba, wataƙila da ya harba sun gudu, wataƙila kuma da sun juyo kan gidan gaba ɗaya, Allah kaɗai ya sani. Ni ma ban sani ba, kuma ba zan yi muku ƙaryar na sani ba. Abin da na sani shi ne ra'ayina bai motsa ba. Abin da zai iya ɗauke rai dole a san daga hannun wa ya fito, hannun wa ya shiga, a nan ko a can. Kawunku yana da gaskiya cewa an taɓa cin amanarmu da takarda, kuma duk mai son a yi rajista sai ya amsa masa wannan tambayar. Amma ba mugu ba ne, Zainab. Ɗa ne da tsoro ya kama saboda uwarsa. Ni kuma, Kabiru, ba baya na juya masa ba, gabansa na sha.

Da Inna ta rasu, a gidana aka yi zaman makoki, tunda ni ce babba a nan. Al'ada ta tilasta masa zuwa, don ba a karɓar gaisuwar uwa a gida biyu. Ya zo ya zauna a kujerar da ke bakin ƙofa, ni ina can kusa da taga, mutane suna shigowa suna yi mana ta'aziyya tare, muna amsawa tare, ba mu dubi juna ba. A rana ta uku bayan addu'a Hajiya Fati ta shigo, ta tsufa, tana dogara sanda. Ta gaishe ni, ta juya ta tsaya a kansa tana kallonsa. Wani ya ce mata ai ƙanen Hajiya ne.

“Kai ne Sani, wanda ya kai bindiga coci? Na ji labarinka tun tuni, ina ta so in gan ka. Allah shi yi maka albarka, ɗana. Allah shi tsare maka yaranka.”

Kowa a ɗakin ya san tarihin sai ita da ta san rabinsa. Tsohuwa ce, uwar da aka kashe wa ɗa ce, tana sa masa albarka a kan abin da ya fi yin nadama a rayuwarsa, kuma ba yadda zai yi. Ya sunkuyar da kai ya ce amin. Ta dafa kansa ta wuce wurin mata.

Da yamma mutane suka watse, ya rage daga ni sai shi sai babanku da ke naɗe tabarmi. Na ɗauka zai tashi ya tafi kamar sauran kwanakin. Na zubo tuwo na ajiye a tsakar falo. Ya daɗe yana kallon kwanon, sannan ya yi magana, karo na farko da ya yi min kai tsaye tun ranar besmen.

“Yaya, ni fa har yanzu ban ce kin yi daidai ba.”

Na ce na ji, ban kuma nemi ya ce ba, ya matso ya ci kafin ya huce. Ya ɗan jima, sannan ya sauko daga kujerar ya wanke hannu.